Ɗan Mitsitsin Maye: Magani Ne Ko Sa Rai?

A watan Afrilu na 1943, wani masanin haɗa magunguna mai suna Albert Hofmann ya sha ɗan abin da ya haɗa a kamfanin Sandoz da ke Basel, ƙasar Suwizalan. Ya hau kekensa zai koma gida, titi na ta jujjuya masa. Ranar ce ya san ƙarfin LSD, sinadarin da ya haɗa.

Yau masu sha sun sauya salo. Tun bayan littafin da James Fadiman ya fitar a Amurka a 2011, mutane da dama suke shan kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ke gusar da hankali, sau ɗaya duk kwana uku. Wasu LSD suke sha, wasu kuma laimar kwaɗi mai sinadarin silosaibin. Suna zuwa aiki lafiya lau, suna cewa damuwa ta ragu, zuciya ta yi sanyi.

Mai addini dole ya yi tambaya: abin da mai yawansa ke juyar da hankali, mene ne hukuncin kaɗansa? Game da giya babu jayayya, hadisi ya haramta kaɗan da mai yawa. Amma Imam al-Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1285, ya rarrabe abin da ke sa maye da nishaɗi irin na giya daga abin da ke ɓata hankali ko sa barci, kamar banju. A wannan kaso na biyu ya ga halascin ɗan abin da bai taɓa hankali ba. Ibn Taimiyya kuwa ya tsananta, ya sa wiwi a sahun giya.

Ko da mutum ya bi sassaucin, hujjar masu sha ita ce neman magani, kuma a nan ne aka gwada su. A 2021, masu bincike na Imperial College da ke Landan suka fitar da sakamakon gwajin mutum 191. Kowa ya haɗa kafso da hannunsa, wasu da sinadari, wasu babu komai a ciki, aka cakuɗa su cikin ambulan har mai shi bai san wanne ya haɗiye ba. Bayan mako huɗu, waɗanda suka sha sinadarin sun ji sauƙi. Waɗanda suka haɗiyi kafso fanko ma sun ji sauƙi kusan daidai da su. Abin da mutum ya zata ya sha ya fi abin da ke cikin kafson tasiri.

Wannan bai ƙaryata masu ciwon ba. Damuwarsu gaskiya ce, sauƙin da suka ji ma gaskiya ne. Sai dai alamu na nuna cewa sa rai da warkewa ne ya yi aikin, kuma ba sai an haɗiye abin da ka iya tayar da taɓin hankali ga mai gadonsa ba kafin a sami wannan sauƙin.

Ko Ostireliya da ta halatta silosaibin a watan Yulin 2023, ta taƙaita shi ne ga ciwon damuwar da ya gagari sauran magunguna, a hannun likitocin ƙwaƙwalwa da aka ba izini. Shan ɗan mitsitsi a ɗaka ba tare da likita ba bai cika sharaɗin magani ba tukuna, a kimiyyance da kuma a fiƙihu. Wanda baƙin ciki ya hana shi barci da cin abinci, 'yan uwansa su kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, su kuma zauna tare da shi.