Kafin Naman Ya Yi Wari

 

'Yan'uwa Musulmi, kowa ya san yadda hadarin farkon damina yake tasowa a ƙasar nan. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta riga ruwa isowa da jar ƙura, kwanon rufi ya shiga ƙara, kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa an ɗauke wuta. Wata rana ta dawo da zarar ruwa ya tsagaita. Wata rana kuwa reshe ne ya faɗa kan waya, ko turaku suka zube, ko taransifoma ta ƙone, sai unguwa ta kwana ta wuni a duhu ana bi gida-gida karɓar kuɗin gyara. Iska daga Allah take. An hana mu zaginta, an umarce mu da roƙon alherinta da neman tsari daga sharrinta. Amma ba a kan iskar zan tsaya ba. Zan tsaya ne a kan abin da ke faruwa a madafa da ɗakin ajiya bayan ta wuce, domin a nan ake jarraba da yawa daga cikinmu, ba tare da mun gane jarrabawa muke ciki ba.

Da farko, kada wani ya ce tanadi rashin tawakkali ne. A Suratu Yusuf Allah Ya ba mu labarin shawarar da Annabi Yusufu ya bayar a Masar, cewa a bar hatsin shekarun wadata cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari masu zuwa. Bukhari kuma ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda. To wa ya fi shi dogaro ga Allah? Maigidan da ya ga damina ta kama bai ajiye ko ƙullin gawayi a wuri busasshe ba, bai cika randa ba, ba ashana a gidansa, sakaci ya yi, kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tuna cewa rijiyar burtsatse ma da wuta take aiki: ranar da lantarki ya tafi, ruwan famfo yakan bi shi, 'yan garuwa kuma su ƙara kuɗi.

Iyayenmu mata sun ciyar da manyan gidaje shekara da shekaru ba su san firji ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa, daddawa, barkono, wake, ƙuli-ƙuli, garin tuwo da garin kunu, babu wanda yake jiran wutar lantarki a cikinsu. Ragowar tuwo a yi ɗumame da safe, na ƙasan tukunya a shanya ya zama ƙanzo. Wannan ilimi ne, kuma amana ce a wuyan duk uwar da ta san shi ta koya wa 'yarta. Abin lura kawai shi ne danshi. A ɗaga buhu daga ƙasa, a janye shi daga jikin bango. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar guba mai cutar da hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da ita. Kada a tsince ta sama-sama a ce ai wuta za ta kashe komai.

Sai firji da firiza. Daga lokacin da wuta ta tafi, wa'adi ya fara tafiya. Masana kiwon lafiya sun ce firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza idan a cike take maƙil tana kaiwa awa 48, idan rabi ce awa 24. Wannan lissafi na firizar da ta riga ta daskare ne sosai, ita kuwa tamu, da wutar da ake kawowa ana ɗaukewa, sau da yawa naman bai ma gama ƙanƙarewa ba. Saboda haka kada ka jira ƙarshen wa'adin. A hana yara buɗewa don neman ruwan sanyi, kowane buɗi ragi ne. A fara da abin da ya fi saurin lalacewa: miyar da aka dafa, kifi, madara, kayan ciki. Naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa lafiyarsa lau. Wanda ya saki ya yi laushi amma da sauran sanyinsa, a ɗora shi a wuta yanzu, ba sai an jima ba. A tafasa shi da gishiri a soya shi ƙayau, ko a yi dambu, ko a yi banda. Kilishi yana son rana mai zafi da busasshiyar iska, ba aikin ranar da gari ya lumshe ba ne.

Yanzu ga inda zancen yake. Ku tuna, a shekarar 2024 an yi Babbar Sallah ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, tana ja baya da kusan kwana 11 duk shekara. Wato layyarmu a 'yan shekarun nan tana faɗowa ne daidai lokacin da iskar farkon damina ta fi ƙarfi. Mutum ya yanka rago, wani har da sa, ya ɗan fitar da abin da ba a rasa ba, sauran a ƙulla a leda a danna a firiza, wai za a ci har watan Cika-ciki. Sai hadari ya taso. Kwana ɗaya, yana cewa za su kawo. Kwana biyu, yana cewa ai an ce ana gyara. A rana ta uku jini ya fara tsiyaya ta ƙasan firiza, wari ya cika gida, a ɗauki naman da dare a kai bola don kada maƙwabta su gani. A bayan katangar nan kuwa akwai gwauruwa mai marayu da rabonsu da nama tun Sallar bara.

Ka ji tsoron Allah, ya ɗan'uwana. Dubi yadda Shari'a ta yi da wannan naman musamman. Muslim ya ruwaito daga Uwar Muminai A'isha cewa wata shekara wasu mabuƙata daga ƙauyuka suka kwararo Madina a lokacin layya, sai Manzon Allah ya hana kowa ajiye nama fiye da kwana uku, ya ce a yi sadaka da sauran. Daga baya da aka tambaye shi, ya bayyana cewa saboda waɗancan baƙin ne ya hana, ya ba da izini a ci, a ajiye, a yi sadaka. A ruwayar Bukhari daga Salamatu ɗan Akwa'u, dalilin shi ne mutane suna cikin ƙunci a waccan shekara, yana so a taimaka musu. Ka ga ajiya halal ce, amma ranar da buƙatar mutane ta tsananta, sai da aka rufe ƙofarta. To yaya kuma wanda yake kallon nama yana narkewa a gabansa, ya san ba zai iya cinye shi ba, ya san ba zai iya tsare shi ba, kuma duk da haka hannunsa ya ƙi buɗewa? Wannan ya bar babin tanadi, ya shiga rowa, ya ƙare a almubazzaranci, kuma mun san da waɗanda Suratul Isra'i ta haɗa almubazzarai 'yan'uwantaka. A Suratul Hajji, aya ta 36, an umarce mu mu ciyar da mai roƙo da wanda ya kame bakinsa. Na biyun nan ba zai taɓa ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Kai ne za ka aika yaro da kwano.

A da, kafin firiza ta shigo gidajenmu, abin da ya wuce cin yini dole ya fita. Kwanuka na kai-kawo tsakanin gidaje, uwargida ta san wace ce ta haihu, wa ke jinya, gidan wa ne hayaƙi bai tashi ba yau. Ban ce firiza ba ni'ima ba ce, ni'ima ce babba, kuma Allah Ya ƙara wa kowa wadata. Amma ta ba mu damar riƙe abin da a da muke saki, har zuciya ta saba da riƙon. Idan Allah Ya aiko iska ta katse wannan damar na 'yan kwanaki, ina ganin mumini ya kamata ya karanta saƙon. Manzon Allah ya yi wa Abu Zarri wasiyya cewa idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. Wannan a ranar da komai yake lafiya ke nan, balle ranar da naman ke jiran ko tukunya ko bola.

Sai dai akwai wani abu da ya fi zubarwar muni, kuma dole a faɗe shi ko da zai yi ɗaci. Wasu ba sa tuna sadaka sai abinci ya juya. Miya ta yi tsami, shinkafa ta fara yauƙi, nama ya sauya launi, sannan a leƙa waje a ce ina almajirin nan. A juye masa a roba, a koma ciki ana jin an yi aikin lada. Subhanallahi! Ɗan wani ne fa, uwarsa na can ƙauye tana yi masa addu'a. Idan amai da gudawa suka kama shi cikin dare a zauren makaranta, ba uwa kusa, ba kuɗin asibiti, a wuyan wa alhakin yake? Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufin mummuna mu ciyar daga gare shi, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da ba za ki ba ɗan cikinki ba, Hajiya, kada ki ba ɗan kowa. Sadakar da ake nema ita ce ta ranar farko, lokacin da naman yake da kyau har ranki yana sonsa.

Kuma kada a dogara da hanci kaɗai. Abinci yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta bai yi wari ba. Dafaffen abinci idan ya wuce awa 2 a buɗe cikin zafi ya fara shiga haɗari. Shinkafar da ta kwana ba sanyi tana iya tara gubar da ɗumamawa ba ta kashewa. A irin waɗannan kwanaki a dafa daidai ciki, a ci da zafinsa, miyar da za ta kwana a tafasa ta sosai da dare a sake tafasawa da safe. A rufe kwanuka da randuna, kamar yadda hadisin Jabir ya yi umarni da rufe ƙoƙuna da ɗaure bakin salka da kashe fitila lokacin barci. Damina lokacin kwalara ce, ƙuda kuma ba ya neman izini.

Maganar fitila ta kawo mu ga wuta. Abu Musa ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka gaya wa Manzon Allah sai ya ce wuta maƙiyiya ce, a kashe ta idan za a kwanta. Kyandir a kan katifa ko kusa da labule, kowa ya san ƙarshensa. Amma akwai mai kisan da ba a gani. Ruwa na zuba, sai a jawo kurfoti cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga, ko a shigo da janareta baranda don gudun ruwa ko ɓarawo. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya ɗauka gajiya ce ya kwanta, shi ke nan. An sha wayar gari a tarar da iyali guda sun rasu a haka. Janareta waje yake zama, nesa da taga. Girkin gawayi a inda iska ke ratsawa. Ranka da na iyalinka amana ce, ba mallakarka ba.

Maigida, ina da magana da kai musamman. Wadda take tsugune gaban jiƙaƙƙen itace tana hurawa, hayaƙi na cika mata ido, goyo a baya, ga nama tuli da za ta soya kafin ya lalace, ba ta cancanci tsawa ba don tuwo ya makara. An tambayi Nana A'isha me Manzon Allah yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Ka yanka naman da kanka, ka ɗebo ruwan, ka riƙe mata fitila. Idan kuma abin da ya samu yau gari ne da ƙuli, a ci a gode. Ita Nana A'isha ce ta ba da labarin cewa akan ga jinjirin wata uku cikin wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Annabi ba, dabino da ruwa kawai, sai nonon da maƙwabtansa Ansaru suke aiko musu. Gidan mafificin halitta ke nan, kuma a labarin ma maƙwabta ne suka cike giɓin.

Annabi ya yabi Ash'arawa, mutanen Abu Musa, saboda idan guzurinsu ya ƙare ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Gidan haya mai ɗaki goma zai iya yin haka a daren duhu: mai gas ta ba da murhu, mai nama ya kawo nama, mai shinkafa ta auno, a ɗora tukunya ɗaya maimakon goma. Wanda Allah Ya hore wa sola ko janareta ya ware lungu a firjinsa. Akwai mai ciwon suga da allurarsa ke buƙatar sanyi. Akwai mai kunun aya, da mai zoɓo, da mai fura da nono, waɗanda ɗan jarinsu gaba ɗaya yana cikin kula guda. A watan Oktoba na 2024, da manyan layukan wuta suka lalace har mafi yawan jihohin Arewa suka haura mako guda cikin duhu, irin waɗannan masu ƙananan sana'o'i ne suka fi jin jiki. Kada ka jira su roƙe ka, kunya ba za ta bar su ba. Limamai da masu unguwanni su ma su yi sanarwa bayan sallar Asuba ta ranar da aka kwana ba wuta, a san gidan da ke da abin da zai lalace da gidan da ba a ɗora tukunya ba, a haɗa su tun hantsi bai yi ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar wa waɗanda iska ta yaye wa rufi da mafi alheri. Amin.