Tawadar Allah da Tambayar Gaibu

Bahaushe ya kira ɗigon baƙin nan na jikin fata tawadar Allah, kamar alƙalamin da ya rubuta halittar mutum ne ya ɗiga a wurin. Galibinta ba ta da illa, da ita mutum ke girma, da ita ake binne shi. Amma wani lokaci ƙwayoyin da ke ba fata launi sukan fanɗare, su shiga hayayyafa ba ji ba gani, sai ɗigon ya rikiɗe ya zama melanoma, wadda ta fi kisa cikin sankarorin fata da aka saba gani. Shekara da shekaru hanyar tantance ta ita ce a yanki tsokar, a sa ta ƙarƙashin madubin likita, a auna zurfin da ta yi cikin fata da milimita, bisa ma'aunin da Alexander Breslow ya fitar a 1970. Yanzu an samu ƙari. A Amurka akwai gwajin DecisionDx-Melanoma, wanda ke duba aikin ƙwayoyin gado 31 a cikin tsokar da aka yanko, ya raba marasa lafiya aji biyu: waɗanda da wuya ciwonsu ya yaɗu, da waɗanda ake jin tsoron nasu zai bazu. Akwai kuma wani da ake manna wa ɗigon kamar filasta, a ɓanɓare, a binciki abin da ya maƙale a jikinsa kafin a yanke shawarar sa wuƙa. To idan takarda ta fito daga ɗakin gwaji tana maganar abin da ciwo zai yi nan da shekara biyar, ba laifi mumini ya tambaya: wannan ba duba ba ne aka sa wa farar riga?

Ni a ganina ba duba ba ne, kuma dalilin yana cikin yadda gwajin ke aiki. Kusan kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da kundin gado guda, mai ƙwayoyin gado wajen 20,000 da ke ba da umarnin ƙera sinadaran jiki. Ƙwayar hanta da ta fata kundinsu ɗaya, abin da ya raba su shi ne shafin da kowacce take karantawa da wanda ta rufe. Ƙwayar sankara da ke shirin barin mazauninta ta shiga kaluluwa ko huhu tana buɗe wasu shafuka, ta rufe wasu, kuma wannan buɗewa da rufewa tana barin sawu a cikin saƙonnin da ake kira RNA. Sawun nan ake aunawa. Abu ne da ya riga ya auku, yana nan kwance cikin tsokar da ke gaban mai gwaji, ido ne kawai bai kai gare shi ba. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas, ya ji iska ta sauya, ya ce wa yara su kwashe shanya, ba wanda zai ce ya yi da'awar sanin gaibu. Ɗan duba kuwa yana zana ƙasa ko ya watsa wuri, alhali babu igiyar da ta haɗa yashin da ke faifansa da ciwon da ke ƙafar wanda ya zo. Idan maganarsa ta tashi a banza zai ce an yi masa shigar sauri. Gwajin likita ana bin diddiginsa, a ƙirga inda ya dace da inda ya kuskure, a jefar da shi idan kuskuren ya yi yawa. Malamai tun da can sun raba gaibun da Allah Ya keɓanta da saninsa da abin da ya ɓuya ga wani amma ya bayyana ga wani ta hanyar sababi. Irin wannan muhawara aka yi lokacin da hoton ciki ya fara nuna namiji ne ko mace, aka yi ta kawo ƙarshen Suratu Luƙman, daga baya hankali ya kwanta a kan cewa ganin halittar da ta riga ta kammala daban yake da sanin arzikinta da ajalinta da makomarta.

Mai ja zai ce, ai hoton ciki abin da ke nan yake nunawa, wannan kuwa maganar gobe yake yi. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ta ba gwajin matsayin da bai taɓa nema ba. Sakamakon aji na biyu bai ce Malam wane zai mutu ba. Cewa ya yi, cikin mutanen da aka taɓa gani da irin wannan sawu, waɗanda ciwonsu ya dawo sun fi yawa idan aka kwatanta da ɗaya ajin. Magana ce a kan taro, kuma a cikin taron akwai waɗanda suka warke sarai, kamar yadda a cikin aji na farko akwai waɗanda ciwon ya yi wa kwanton ɓauna. Wane ne a cikinsu wannan bawan Allah da ke zaune gaban likita? Nan takarda ta yi shiru. Da Sayyidina Umar ya isa Sarg a hanyarsa ta zuwa Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai ya juya da mutane Madina. Bai san wanda zai kamu da wanda zai tsira ba, abin da ya sani shi ne shiga ta fi hatsari a kan komawa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma a cikin ƙaddara take. Aiki da rinjayen zato ke nan, kuma a kansa aka gina rabin fiƙihu.

Akwai masu ja ta ɗaya gefen, waɗanda ke ganin tun da an iya karanta kundin gado, maganar ƙaddara ta zama tsohon yayi. Tarihin maganin melanoma kansa ya ishe su amsa. A 2002 masu bincike a cibiyar Sanger ta Ingila suka gano cewa fiye da rabin melanoman da suka bincika na ɗauke da tawaya a ƙwayar gadon BRAF, wadda ke sa ƙwayar jiki ta yi ta rabuwa kamar motar da totur ɗinta ya maƙale. A 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da vemurafenib, ƙwayar magani da aka ƙera don toshe wannan tawaya. A shekarar aka wallafa hotunan wani majiyyaci da kumburi ya rufe wa ƙirji da hannuwa. Bayan mako 15 yana shan maganin fatarsa ta kwanta sumul, kamar ba a taɓa yi ba. A mako na 23 kumburin ya dawo, kusan a wuraren da ya bari. Ƙwayoyin sankarar sun sami wata kafa ta bayan gida. Wannan bai sa an jefar da maganin ba, sai aka haɗa irinsa da wani mai toshe ƙofa ta gaba, aka kuma samu magungunan da ke sakin garkuwar jiki ta far wa ciwon, aikin da ya ba James Allison da Tasuku Honjo lambar Nobel a 2018. Mutane da yawa da a da aka fid da rai da su suna raye yau. Amma har yanzu mutum biyu kan sha magani ɗaya, ɗaya ya tashi, ɗaya ya tafi.

Hujjar da ta fi damuna ba ta gaibu ba ce, ta amfani ce. Musulmi yana neman tsari daga ilimin da ba ya amfani, kuma likitoci da kansu sun yi wa wannan gwaji tambaya mai kama da haka. A 2020 wani rukunin ƙwararru kan melanoma a Amurka ya ba da shawarar kada a mai da shi na yau da kullum sai an samu bincike mai ƙarfi da ya nuna yana sauya makomar mara lafiya. Dalilinsu a fili yake. Idan sakamakon ba zai canja aikin da za a yi wa mutum ba, me aka sayar masa da dubban daloli? Ko dai fargabar da za ta hana shi barci, ko kwanciyar hankalin da za ta sa ya daina zuwa a duba shi. A nan mai taka-tsantsan yana da gaskiya. Halaccin sababi bai wajabta kowane sababi ba, kuma ya kamata a tambayi likita abin da zai yi dabam idan takardar ta fito haka ko haka, tun kafin a biya kuɗin.

Sai kuma iyakar da ta shafe mu kai tsaye. Gwaji irin wannan daga jikin mutanen da aka bincika yake koyon abin da ya sani, kuma galibinsu fararen fata ne da rana ta jawo wa ciwon a baya ko a kafaɗa. Baƙar fata ba ta cika kamuwa da melanoma ba, idan kuma ta zo, ta fi fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, inda rana ba ta da hannu, kuma tawayar BRAF ba ta da yawa a wannan nau'in. Shi ne ya kama mawaƙin Jamaika Bob Marley a babban yatsan ƙafa a 1977, likitoci suka ba da shawarar yanke yatsan bai yarda ba, ya mutu a 1981 yana da shekara 36. A asibitocin Najeriya irin wannan ciwo yakan iso ne bayan ya daɗe, an yi ta ɗaukarsa sartse ko faso, wani ma a ce jifa ne aka taka, an shafa wannan an ɗaura wancan har ya zama gyambo, kaluluwa ta fito a matsematsi. A wannan matakin babu abin da ya rage da za a hango, ciwon ya riga ya faɗi abin da zai yi da bakinsa. Alamar da ta gabace shi kuwa ba ta buƙatar na'ura: ɗigon da ya sauya launi, ko ya ƙara faɗi, ko gefensa ya karkace, ko ya fara tsattsafar jini, a wurin da mai alwala ke shafawa da hannunsa sau biyar a rana.