"Zan Fara Fitar Da Zakka"

Wata Lahadi bayan sujada a Yelwa, ina tsaye a bakin titi ina jiran abin hawa, sai na ji waɗansu matasanmu a gindin darbejiya suna ta musu. Ɗayansu ya karanto musu daga waya labarin mutumin Kalifoniya da ya ci cacar Powerball ta Amurka a watan Nuwamba na 2022, dala biliyan 2.04. A kuɗinmu abin ya haura naira tiriliyan 2, wato ya ninka kasafin kuɗin Jihar Bauchi na shekara guda. Sai suka shiga tambayar juna, "Da kai ne, me za ka yi?"

Wani ya ce zai shimfiɗa kwalta daga Kagadama har Rafin Zurfi. Wani ya ce zai gina wa mahaifiyarsa bene a ƙauye, ya kuma biya kuɗin makarantar kowane maraya a unguwa. Wata ƙanwarsu ta ce ita dai a ranar za ta bar ƙasar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ban da ita, kowannensu da kalma ɗaya ya buɗe baki: "Zan fara fitar da zakka." Da suka juyo gare ni suka ce, "Baba, kai fa?" sai na yi dariya na wuce. Amma kafin in isa gida na riga na sake rufin ɗakina a zuciya, na sayi mota, na kuma ƙarasa ginin majami'armu. Ni ma da Allah na fara lissafin.

Me ya sa mai bi yakan fara da zakka a irin wannan mafarki? Kyakkyawan zato shi ne an rene mu a kan haka tun daga Makarantar Lahadi. Ina ganin akwai wani dalili kuma a ƙarƙashinsa. Zuciyarmu ta san cewa kuɗin ba guminmu ba ne, saboda haka muna gaggauta miƙa wa Ubangiji kashi ɗaya domin ya bar mu da sauran tara cikin kwanciyar rai. Wani lokaci ma alkawarin yakan rikiɗe ya zama ciniki, mai riƙe da tikiti yana addu'a yana tuna wa Allah ribar da zai samu in ya sa lambobin suka fito.

An taɓa gwada wannan alkawari a fili. A ranar Kirsimeti ta 2002, wani ɗan kwangila mai suna Jack Whittaker a Jihar West Virginia ya ci dala miliyan 314.9. Ba matalauci ba ne, yana da kamfaninsa tun kafin nan. Ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce zai ba ikilisiyoyi kashi goma cikin ɗari, ya kuwa bayar da miliyoyi, aka gina majami'u, ya kafa gidauniyar taimakon mabukata. Duk abin da matasanmu suka lissafa a gindin darbejiya, mutumin nan ya yi shi. A 2003 ɓarayi suka kwashe fiye da dala dubu 500 daga motarsa da ya ajiye a ƙofar wani gidan rawar dare. A ƙarshen 2004 aka tsinci gawar jikarsa, yarinya 'yar shekara 17 wadda ya saba cika wa hannu da kuɗi. Aurensa ya mutu, 'yarsa ta rasu a 2009. Shi da bakinsa ya ce da ma ya yage tikitin. Ya mutu a 2020.

Ba na kawo wannan labari don in ce duk wanda ya ci caca sai ya lalace. Akwai waɗanda suka ci suka zauna lafiya, ba a dai buga labarinsu. Abin da labarin ya nuna shi ne zakkar ba ta taɓa halin mutumin ba. Ta fita daga asusunsa, shi kuwa ya zauna yadda yake, sai dai yanzu babu abin da zai so ya kasa saya. Talauci yakan riƙe mutum daga waɗansu zunubai kamar yadda dabaibayi yake riƙe jaki, mu kuwa mukan ɗauka kirkinmu ne. Agur ya gane haka a Karin Magana sura 30, inda ya roƙi a nisanta shi da talauci da kuma wadata, yana tsoron kada ya ƙoshi ya musunci Ubangiji. Ban taɓa jin an yi wannan addu'a a taron farkawa ba.

Akwai kuma tambayar da matasan ba su yi ba: daga ina kuɗin yake fitowa? Kamfanin caca ba ya noma, ba ya ƙira, ba ya saƙa. Yana tattara kuɗin jama'a ne, ya cire rabonsa, ya miƙa saura ga 'yan kaɗan. Damar cin babbar kyautar Powerball ɗaya ce cikin kusan miliyan 292, adadin da ya fi yawan mutanen Nijeriya gaba ɗaya. A nan gida ba biliyoyin daloli ake zubawa ba. Naira ɗari biyu ce, ɗari biyar ce, ta ɗalibin ATBU ko na Foliteknik a Gwallameji da ya sa kuɗin abincinsa a kan wasan ƙwallon Ingila, ta magidancin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Tun Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 harkar ta samu gindin zama, daga Baba Ijebu zuwa Bet9ja. A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ikon tsara ta na jihohi ne. Amma wayar da ke aljihun yaro ba ta san iyakar jiha ba, ba ta kuma bukatar shago. Wanda ya ci naira miliyan goma, asarar maƙwabtansa dubbai aka haɗa masa wuri ɗaya. Idan ya kawo miliyan ɗaya gaban bagadi, cikinta akwai kuɗin makarantar ɗan wata mace da ke zaune a layin zumuntar mata.

Wani zai ce ai manzanni ma sun jefa kuri'a suka zaɓi Matiyas. Gaskiya ne, amma ba wanda ya zuba kuɗi, ba kuma wanda ya koma gida da aljihu wayam. Kuri'ar da ta fi kama da tamu ita ce ta sojojin da suka yi caca a kan rigar Yesu a gindin gicciye.

A nan ya kamata mu shugabanni mu yi wa kanmu gaskiya. Lokacin MMM, kafin ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, baiko ya kumbura a majami'u da dama, an ba da shaida, an yi tafi, kaɗan ne suka tambaya. Haka aka maimaita da CBEX a 2025. Muna tsawata wa yaron da ya yi asarar dubu biyu, amma ban tabbata za mu tsawata wa wanda ya ci miliyan ɗari ba, musamman in rufin majami'a yana yoyo.

Bayan mako biyu na sake haɗuwa da yaron da ya yi alkawarin biyan kuɗin marayu. Na tambaye shi ko ya san sunan maraya ɗaya a unguwarsu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ambaci biyu, 'ya'yan wata gwauruwa da ke bayan gidansu. Na tambaye shi nawa ne kuɗin zango a makarantarsu. Ya ce bai sani ba, amma zai tambaya. Sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, kai fa, na unguwarku nawa ne?" Ni ma ban sani ba.