Shahara Ladan Aiki Ce ko Kuɗin Kallo?

A 1924 manyan 'yan tseren keke na Italiya suka ƙaurace wa gasar Giro d'Italia saboda saɓani kan kuɗi. Jaridar La Gazzetta dello Sport, mai shirya gasar, ta rasa sunayen da za su ja hankalin jama'a, sai ta bar wata mace, Alfonsina Strada, ta shiga cikin maza. Mutum 90 suka tashi daga Milan, tafiyar kilomita 3,613 a zango 12. A zangon L'Aquila zuwa Perugia ta faɗi, kan kekenta ya karye, aka ɗaure shi da sandar tsintsiya, ta iso bayan lokaci ya ƙure. Aka cire ta daga lissafi, amma aka bar ta ta ci gaba da tuƙi har Milan, alhali yawancin mazan sun sare a hanya.

Giuseppe Enrici ne ya lashe gasar. Yau sai masu tonon tarihi ke ambatonsa, ita kuwa ana ta rubuta littattafai a kanta. Muna iya cewa gaskiya ta yi halinta. Amma mu tambayi kanmu: me muke tunawa game da ita? Ƙarfin ƙafarta da juriyarta, ko dai mamakin ganin mace a inda ba a saba ba?

Masu gasar mamakin suka saya. Da manyan suka dawo a shekarar da ta biyo, aka rufe mata ƙofa: an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Babu macen da ta sake shiga wannan gasa, kuma sai a 1988 aka kafa ta mata, wadda Maria Canins ta fara lashewa.

A ganinmu shahara iri biyu ce. Akwai wadda ake ba gwani don an auna aikinsa, akwai wadda ake ba abin kallo. Ta biyun ta fi saurin bazuwa, sai dai a cikinta akwai raini, domin mai mamaki yana cewa ne bai zaci za ki iya ba. Elisa Longo Borghini ta ci tagulla a wasannin Olamfik na Rio da Tokyo, ta lashe Paris-Roubaix a 2022 da Giro ta mata a 2024, babu sandar tsintsiya a labarinta, saboda haka labarin bai cika daɗin bayarwa ba.

Mu 'yan kallo ne ke rabon suna. Idan sai mace ta zama abin al'ajabi muke riƙe sunanta, to ɗabi'ar masu gasar 1924 muka gada. Haƙƙin Alfonsina a kanmu shi ne mu san sunayen matan da suka biyo bayanta saboda tseren da suka ci.