Abin da Filasta Ta Rufe

Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗawainiyar gina gida ya san cewa zirga-zirga ita ce rabin aikin. Da sassafe ya je wurin masu tifa ya yi cinikin yashi, da hantsi ya nufi kasuwa neman rodi da ƙusa, da azahar a aiko masa cewa ruwa ya ƙare, da yamma kuma ga birkila da leburori suna jiran sallama. In magariba ta yi, sai ya tsaya ya ƙidaya sahun bulon da aka ɗora, ya auna nasarar ranar da tsawon bango. To, tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: shin abin da ido ke gani shi ne ma'aunin ci gaba?

Mai karatu ya lura da cewa muhimman ayyukan gini duk ɓoyayyu ne. Harsashi yana ƙarƙashin ƙasa, rodi yana cikin kankare, yawan simintin da aka zuba a kwaɓi kuwa babu mai tantance shi bayan an shafe bango da filasta. Masana gini sun tabbatar da cewa kankare yana bukatar ban-ruwa na kamar mako guda, kuma sai ya kwana 28 kafin a auna cikar ƙarfinsa. A waɗannan kwanaki mai wucewa zai ɗauka aiki ya tsaya, alhali kuwa a lokacin ne ginin ke samun ƙashin bayansa.

A nan ne gaskiyar mutum ke fuskantar jarrabawa. Buhun siminti kilo 50 ne, amma yawan bulon da za a fitar daga cikinsa ya danganta da zuciyar mai bugawa. Sau da yawa mukan ɗora laifi a kan magini kaɗai, mu manta da mai gidan da ya matsa wa ciniki har ya sauko ƙasa da kuɗin kayan aiki. Wanda ya yi haka ya san cewa za a cike giɓin da yashi, ya dai kau da kai ne kurum. Saboda haka shi ma yana da kaso a alhakin.

Mai yiwuwa wani ya ce talaka ba shi da zaɓi. Kuɗin haya na cin sa, farashin kaya na tashi tsakanin safiya da maraice, iyali kuma sun ƙosa su tare. Wannan uzuri ne mai nauyi, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Sai dai rashin kuɗi yana ba mutum damar rage yawan ɗakuna, ko dakatar da aiki a linta har shekara ta zagayo. Bai ba shi damar rage ƙarfin ginshiƙi ba, domin rufin da zai ɗora ba a kansa kaɗai zai tsaya ba. 'Ya'yansa za su kwana a ƙarƙashinsa, haka baƙi da 'yan haya da magadan da ba a haifa ba tukuna, kuma babu ɗayansu da aka yi shawara da shi ranar kwaɓi.

Tarihi ya ba mu misalai biyu. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a shekarun 1830, ya yi kusan shekara 190 ana salla a cikinsa kafin wani sashensa ya rufta a 2023. Shi kuwa benen nan mai hawa 21 na Ikoyi a Legas, ya rushe ranar 1 ga Nuwamba, 2021 tun ba a gama shi ba, ya kashe mutum fiye da 40, har da mai ginin kansa. Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce sauri ya haifi nawa.

Don haka, duk mai gini in ya tsaya ƙidayar yamma, ya haɗa da tambayar kansa ko an yi ban-ruwa, ko kwaɓi ya ji siminti, ko lebura ya koma gida da haƙƙinsa cikakke. Ranar da amsar ta zama e, an ci gaba, ko da ba a ɗora bulo ɗaya ba. Allah Ya sa mu dace.