Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san hidimar da ake yi wa bango kafin faɗuwar damina. Maigida kan zagaya yana duban inda ya tsage, a kwaɓa ƙasa a yaɓe, domin an san ƙadangare ba shi da ƙarfin fasa gini, kafar da aka bar masa yake bi. Daga nan Bahaushe ya ɗauko wannan karin magana. Galibi akan kawo ta idan 'yan'uwa ko ma'aurata sun sami saɓani har wani bare ya kutsa tsakaninsu ya ƙara dagula lamarin. Sai dai hikimarta ta wuce zaman gida. Ta shafi duk inda aka ajiye amana, musamman wurin da ake juya kuɗin jama'a. Ɗalibin da ya yi shekara guda yana koyon aiki a banki ko a sashen kuɗi na wani kamfani zai ga fassararta kullum, in dai ya je da idonsa a buɗe.

A Najeriya, wanda ya gama ƙaramar difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, a fannin akanta ko harkar banki, sai ya yi shekara ɗaya a wurin aiki kafin ya shiga babbar difloma. Sharaɗi ne na hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda hedkwatarta ke Kaduna. Akwai kuma shirin SIWES na 'yan watanni, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta koken cewa yaran da makarantu ke yayewa sun iya takarda amma hannunsu bai faɗa a aiki ba. A Birtaniya ma jami'o'i da yawa sukan ƙara shekara guda a kan digiri, ɗalibi ya yi ta a banki ko kamfanin binciken kuɗi, sannan ya dawo ya kammala. A nan gida dai ɗalibai cewa suke yi sun tafi IT.

Ɗan IT yakan isa ofis da kai cike da lissafi. Ya haddace ƙa'idar nan ta cewa kowane kuɗi sau biyu ake rubuta shi, inda ya fito da inda ya shiga, ƙa'idar da Luca Pacioli ya tsara bayaninta a littafinsa da aka buga a birnin Venice a 1494. Tsammaninsa za a zaunar da shi yana nazarin ribar kamfanoni da farashin hannun jari. Abin da ake tura masa kuwa tulin bauca ne ya jera bisa kwanan wata, da takardun buɗe asusu ya duba ko hoto da sa hannu da lambar BVN sun cika. Wani lokaci a haɗa shi da wani ma'aikaci, ɗaya na karanto adadi daga takardun da aka yi aiki da su jiya, ɗaya na bin sawu a kwamfuta, layi bayan layi har a ƙare. Wata biyu ba ta cika ba sai ka ji yana ƙorafi cewa ba a koya masa komai, aikin wahala kawai ake jibga masa.

Ranar da zai fara gane abin da ake nufi takan zo ne da yamma, bayan an rufe ƙofar banki. Kowane kashiya zai ƙirga abin da ke akwatinsa ya gwada da abin da kwamfuta ta nuna. A ce yau wata kashiya ta ƙirga ta ga rarar naira 9,000. Ɗan IT ya riga ya rataya jaka, don a ganinsa tunda kuɗi ƙaruwa suka yi ai ba matsala. Sai shugabar sashen ta dube shi ta ce, "Ɗana, ajiye jakar nan. Kuɗin da ya yi rara a wurinmu, wani ne aka tauye wa." Aka baje takardun ajiya na ranar a kan tebur. Wani tsohon ma'aikaci ya ce a fara raba adadin da tara, domin idan ya rabu daidai, mai yiwuwa lambobi biyu aka juya wajen shigarwa. Ana cikin bi ɗaya bayan ɗaya sai ga takardar wani mai sayar da hatsi: ya ajiye naira 54,000, an shigar masa 45,000. Aka gyara, mai shigarwa ta sa hannu, mai dubawa ta sa hannu, sannan kowa ya kama hanyar gida, magariba ta riga ta wuce. Babu ɓarawo a wannan labari. Amma da an ce a bar shi sai gobe, da kuɗin sun kwana ba mai su, kuma duk wanda ya lura cewa a wannan reshe rara na iya kwana ba a tambaya, ya riga ya ga kafa.

Daga nan ne sauran dokokin da yake gani kamar tsanani za su fara yi masa ma'ana. Wanda ya shigar da biyan kuɗi ba shi ke amincewa da shi ba. Taskar banki ba ta buɗuwa sai mutum biyu sun haɗu, kowa da nasa mabuɗi ko lambar sirri. Ana tilasta wa ma'aikaci tafiya hutun shekara ko yana so ko ba ya so, domin wani ya zauna a kujerarsa ya ga abin da ke ƙarƙashin fayilolinsa. Duk ƙarshen wata akanta na gwada littafin kamfani da takardar bayanin asusu daga banki, ya bi kowane bambanci har ya san dalilinsa. Kowace daga cikin waɗannan dokoki, wata asara ce da aka taɓa tafkawa ta haife ta.

Labarin bankin Barings ya isa misali. An kafa shi a Landan a 1762, yana cikin waɗanda suka samar wa Amurka kuɗin sayen yankin Louisiana daga Faransa a 1803, kuma har Sarauniyar Ingila ta kasance cikin masu hulɗa da shi. A farkon shekarun 1990 bankin ya tura wani matashi mai suna Nick Leeson zuwa Singafo, ya ɗora shi a kan ciniki a kasuwar hada-hada, ya kuma bar masa shugabancin sashen da ke tantance cinikin da rubuta shi. Wato shi ke yi, shi ke duba kansa. Leeson ya yi amfani da wani asusu mai lamba 88888, wanda aka buɗe don ajiye kurakuran ciniki, ya riƙa ɓoye asara a ciki. A cewarsa, abin ya faro ne daga rufa wa wata sabuwar ma'aikaciya asiri a kan kuskuren da bai wuce fam 20,000 ba. Kafin ƙarshen 1994 asarar ta haura fam miliyan 200, alhali a Landan ana yi masa kallon gwarzon da ke kawo riba. Masu binciken cikin gida sun ja hankali a 1994 cewa bai kamata mutum ɗaya ya riƙe ayyukan nan biyu ba, amma ba a raba su ba. Girgizar ƙasar Kobe ta Janairun 1995 ta karya farashin hannun jari a Japan, inda ya zuba cacarsa, asara ta kai fam miliyan 827. A watan Fabrairu bankin mai shekara 233 ya durƙushe, daga baya kamfanin ING na ƙasar Holan ya saye shi a kan fam ɗaya. Leeson ya sha ɗauri a Singafo, amma waɗanda suka ga tsagar suka ɗauke kai saboda daɗin riba, su ma hannunsu na ciki.

Ga ɗalibin da ya tashi cikin tarbiyyar Hausa, akwai wata jarrabawa da ba a rubuta ta a takardar ɗaukar aiki. An rene shi a kan kunyar manya, ba ya musu da wanda ya girme shi, ba ya ƙirga kuɗin da babba ya miƙo masa a gaban idonsa. Wannan ɗabi'a ado ce a gida, amma a ofishin kuɗi takan zama tsagar da ake nema. Wata rana babban ma'aikaci, sa'an mahaifinsa, zai zo da sauri ya ce, "Yaro, ga lambata, shigar mini da wannan, takardar na zuwa daga baya." Wata rana kuma maƙwabci ne zai tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Don Allah ɗan duba mini ko kuɗi sun shiga asusun wane, bashi nake bin sa." Duka biyun ba su yi kama da sata ba, alfarma ce ake nema a wurin yaron kirki. Ɗalibin da shekararsa ta yi albarka shi ne wanda ya koyi cewa, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, a kawo takardar tukuna," cikin ladabi, murya a ƙasa, ba tare da ya janye ba. Sau da yawa wanda aka ce wa hakan zai ɓata rai na yini ɗaya, daga baya kuma shi ne zai fara ba da shaidar cewa yaron nan abin yarda ne.

Wanda yake ganin dubawa zargi ce, ya tuna cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin a tsakaninsu. Rubutu da shaida suna kare mai gaskiya daga mantuwa da zato, suna kuma rage wa mai rauni damar da za ta jarrabe shi. Mutane da yawa da suka ci amana ba da niyyar haka suka fara aiki ba. Matsi ne ya zo, ga kuma hanya a buɗe ba mai kallo.

Kada a ɗauka karin maganar ta wanke ƙadangare. Wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, laifinsa na wuyansa ko da ƙofa a wangale ya same ta. Abin da take cewa shi ne mai bango ma yana da abin tambaya, kamar yadda ake cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wannan ya hau kan wuraren da ke karɓar ɗalibai. Akwai ofisoshin da ɗan IT ke ƙare shekararsa yana sayo abinci da ɗaukar hoton takardu, a ƙarshe a sa masa hannu a littafin rahoto ba tare da an karanta ba. Akwai kuma inda, saboda ƙarancin ma'aikata, ake damƙa masa lambar sirrin wani ya yi aikin da ba a horar da shi a kai ba, ga ɗan alawus da bai isa kuɗin mota ba. Irin wannan wuri yana koya wa yaro cewa doka ta takarda ce kawai, kuma da wannan karatun zai shiga duk ofishin da ya ɗauke shi gobe.

Wanda ya dace da wurin kirki kuwa, yakan koma aji da wata irin tambaya a bakinsa. Idan malami ya rubuta lissafin kamfani a allo, 'yan aji na neman ko ɓangarorin biyu sun daidaita, shi kuma yana so ya san wa ya shigar da adadin, wa ya duba, ina takardar shaida. Darasin binciken kuɗi, wanda a da yake haddacewa don cin jarrabawa, yanzu fuskokin mutane yake gani a cikinsa: kashiyar nan, da mai hatsi, da babban ma'aikaci mai sauri. Idan Allah ya kai shi kujerar manaja, aka kawo masa rahoton wani reshe da ribarsa ta zarce ta kowa, kafin ya sa hannu a takardar yabo zai fara tambayar wanda ke duba aikin mai kawo ribar.