Ɗana Mai Koyon Aikin Haƙori, Ga Nasiha

 Da kai nake, kai da ka zaɓi aikin haƙori ya zama hanyar cin abincinka, ko likita kake neman zama, ko mai ƙera haƙorin roba, ko mai taimakon likita a gefen kujera. Ke ma 'yata ban ware ki ba, abin da zan faɗa wa ɗan'uwanki ya shafe ki. Magana ɗaya nake so ta zauna maka tun kana ɗalibi: komai gwanintarka, ba za ka ƙera haƙorin da ya kai wanda Allah Ya halitta ba. Don haka ka fara iya ceton wanda ke baki, sannan ka koyi mayar da wanda ya fita.

Ka san halin mutanenmu. Ba a zuwa asibitin haƙori sai ciwo ya hana barci. Mutum ya sha ƙwayar kemis, ya cusa kanumfari a kogon, wani har ruwan batir yake ɗigawa. Sai abin ya gagara ya hau mota daga Bungudu ko daga ƙauyukan Tsafe, ya nufi Asibitin Tarayya na Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, kunci a kumbure, hannu dafe da muƙamuƙi, ya ce maka: “Likita, hidda mani hauren ga in huta.” Cirewa ta fi sauri, ta fi araha, kuma zai tafi yana sa maka albarka. A nan ake gane wanda ya koyi aiki da wanda ya koyi riƙe awartaki kawai.

Kafin ka ɗauki awartaki, ka tuna abin da giɓi yake haifarwa. Ƙashin da ke riƙe da saiwar yakan fara zaizayewa tun a watannin farko. Haƙoran da ke maƙwabtaka da gurbin su karkato, wanda ke fuskantarsa ya zazzago, abinci ya riƙa maƙalewa, tauna ta koma gefe ɗaya. Ka kula musamman da turmin farko na dindindin, wanda yake fitowa yaro yana da kamar shekara 6, a bayan haƙoran nono. Iyaye da yawa suna ɗauka shi ma zai faɗi wani ya fito, sai su bar shi ya ruɓe. Ba wani da zai fito. In haƙori zai cetu da ciko ko da wankin jijiya, ka zaunar da mai shi ka yi masa bayani da Hausar da zai gane, ka faɗa masa kuɗin da gaskiya. In kuwa ya wuce ceto, kada ka ja masa rai don ka ci kuɗinsa.

Shi hannu ba a aronsa, horar da shi ake yi. Za a ba ka kaki a ce ka sassaƙa haƙori, a sa ka a gaban kan roba kana gurza kogo wata da watanni, malami yana dubawa yana cewa sake. Kada ka ƙosa. Aikin nan da milimita ake auna shi, kuma ɓawon haƙori, duk da shi ne mafi tauri a jikin ɗan Adam, in ka gurje shi ba ya sake tsirowa. G. V. Black, likitan Amurka da ya rasu a 1915, shi ya kasa kogon haƙori gida-gida, kuma har yau da rabonsa ake fara koyar da ɗalibai. A zamaninsa sai an faɗaɗa rami kafin ciko ya zauna. Daga 1955, lokacin da Michael Buonocore ya nuna cewa in an shafa wa ɓawon haƙori ruwan asid ciko yakan manne masa, aikin ya sauya hanya: ka cire ruɓaɓɓen wuri, ka bar mai lafiya. Wanda ya rage haƙori fiye da buƙata don aikinsa ya yi sauƙi ya ci amanar mai haƙorin.

Dubi farin cikon nan da kowa yake so a haƙoran gaba. Ba ya shiri da yawu ko kaɗan. Ka killace haƙorin da auduga ko da shimfiɗar roba, ka shafa asid na 'yan daƙiƙoƙi, ka wanke, ka busar, ka sa maganin manni, sannan ka riƙa zuba cikon kaɗan-kaɗan, kada kauri ya wuce milimita 2 kafin ka haska masa fitila ya daskare. In ka cusa shi gaba ɗaya, sama za ta yi tauri ƙasa tana ɗanye. Mai shi zai fita yana murmushi, bayan 'yan watanni gefen ya yi baƙi, sanyi ya fara shiga. Da ka gama, ka sa ya cije takardar gwaji, ka rage inda ya yi tudu, ka goge ya yi santsi. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, a bakin mutum kuwa ɓarnarta ba ta ɓoyuwa.

Kada kuma ka ce ai ba wuta, ba inji, don haka ba abin yi sai cirewa. A tsakiyar shekarun 1980, a Tanzaniya, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Jo Frencken ya fito da hanyar kwashe ruɓa da kayan hannu kawai, a cike ramin da gilas ayonoma, cikon da yake kama haƙori da kansa yana kuma sakin sinadarin fulorayid mai ƙarfafa shi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciko cikin jerin magunguna na dole. Ka iya wannan hanya sosai, don ita za ta yi maka rana a ƙaramin asibitin karkara, inda wanda ya zo yau bai da tabbacin hanya za ta bar shi ya dawo gobe. Shi kuwa baƙin cikon da ake haɗawa da zaiba, duniya ta fara ja da baya daga gare shi tun yarjejeniyar Minamata ta 2013. In ka yi aiki da shi, kada ka zubar da ragowarsa a kwata. Mu a Zamfara mun ga abin da guba take yi tun annobar dalma ta 2010, wadda ta ci ɗaruruwan yara.

Idan aka zo ga haƙorin roba, komai a awo yake. Tela in ya kuskure awo, tsadar yadi ba ta gyara riga. Garin aljinet da kake kwaɓawa ka ɗauki siffar baki, a zafin Gusau na watan Afrilu yakan daskare kafin ka kai shi bakin mutum, don haka ka kwaɓa da ruwa mai sanyi. Da ka cire, ka ɗauraye, ka kashe ƙwayoyin cuta, ka zuba filasta nan take. In ka ajiye shi kan tebur a iskar hunturu ka tafi hira, zai ƙanƙance, haƙorin da za a ƙera a kansa kuma ba zai taɓa zama daidai ba. Ranar gwaji ka sa mutum ya yi magana, ya ƙirga, ya karanta abin da ya saba karantawa, ka saurari yadda haruffa suke fita. Limami ko malamin makarantar allo da haƙoransa na gaba suka zube, fitar harafi ce ta fi damunsa. Ka koya masa ya riƙa cirewa da dare ya wanke ya sa a ruwa. Ka kuma gargaɗe shi game da masu liƙa haƙori a kasuwa, waɗanda suke ɗaure roba da waya a jikin haƙoran kirki har dasashi ya ruɓe, na gefen ma su bi sahu.

Sai maganar kyau, inda yaran yanzu suka fi ruɗewa. Hotunan da kake gani a waya na haƙora farare fat, duk tsayi ɗaya, ba su ne mizani ba. Haƙorin gaskiya ya fi duhu a kusa da dasashi, ya fi haske a baki, fiƙa kuma ta fi na gaba rawaya. Ka zaɓi launi tun farkon aiki kafin haƙori ya bushe, a hasken rana kusa da taga, kallo ɗaya na ɗan lokaci. Dattijo ɗan shekara 70 mai cin goro, in ka sa masa haƙori fari kamar alli, ka tona masa asiri ne a gaban jama'a. Aiki mai kyau shi ne wanda ba a gane an yi shi.

Wasu littattafan da za ka karanta suna lissafa wushirya cikin abin da ake rufewa. A wurinmu ado ce. In mai wushirya ta rasa haƙoran gaba, ka tambaye ta, ka nemi tsohon hotonta, ka mayar mata da abinta. Amma in budurwa ta zo tana so ka fiƙe mata lafiyayyun haƙora ka buɗe wushirya, ka ba ta haƙuri. Malamai sun yi hani da haka, kuma ƙarshensa tsamin haƙori ne da mutuwar jijiya.

Haka haƙorin Makka. Kada ka raina shi, alhazanmu suna sa shi ne don murnar sauke farali. Shi kansa gyara jiki da zinariya yana da asali: Arfaja ɗan As'ad, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi tun kafin Musulunci, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Matsalar tana ga yadda ake kwafa shi cikin sauri ba tare da awo ba. In Hajiya ta zo, ka duba bakin kwanson da kyau. In akwai rata, abinci yana shiga, dasashi yana jini, to ruɓa tana iya ci a ƙarƙashi ba ta sani ba. Ka gaya mata cikin ladabi, ka cire, ka gyara, in tana so a mayar a yi mata wanda ya zauna daram.

Abu biyu kada ka yi wasa da su. Na farko tsafta. Kayan da suka shiga bakin wani ba sa shiga na wani sai an wanke su an turara a tukunyar otokilef, digiri 121, aƙalla minti 15. Ciwon hanta da ƙanjamau ba sa rubuta kansu a goshi. Na biyu, ka san iyakarka. Mai ƙera haƙori ba likita ba ne, mai taimako ba mai fiɗa ba ne, kowa da hukumar da ta ba shi lasisi. In ka ga yaro mai tamowa da gyambo a dasashi, baki yana wari, kunci ya fara kumbura, kada ka tsaya gwaji. Cutar noma cikin kwanaki take cin fuska. Ka kai shi ga likita a ranar, kuma ka sani akwai asibitinta a Sakkwato tun 1999.

Makarantar likitan haƙori ta farko a Nijeriya an buɗe ta a Legas a 1966, Arewa ta daɗe tana jira kafin a samu a Maiduguri da Kano. Har yau masu aikin sun yi mana kaɗan, akasarinsu kuma suna manyan birane. Ko daga kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe ka faro, ko kana Jami'ar Bayero, ko makarantar tarayya ta koyon fasahar haƙori da ke Inugu, ka girmama malamanka, ka yawaita tambaya, ka nuna aikinka a gyara maka tun kana da mai gyara maka. In ka ƙware, ka tuna da gida. Tsohuwar da ta daina cin nama don ba abin tauna, da saurayin da ya faɗi a kabu-kabu yake rufe baki in zai yi dariya, suna nan suna jiran hannunka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ilimi mai amfani da hannu mai sauƙi, Ya tsare ka daga cin haram, Ya sa aikinka ya zama sanadin samun lafiyar bayinsa. Amin.